Ko Hoton Ƙwaƙwalwa Zai Iya Nuna Mana Mugu?

A wannan mako zancenmu zai ƙetare teku zuwa ƙasashen Turawa, inda likitoci da lauyoyi da alƙalai suka daɗe suna kai ruwa rana a kan wata tambaya mai wuyar sha'ani. Tambayar kuwa ita ce, idan mutum ya zubar da jini, aka kama shi aka ɗaure, har wa'adinsa ya zo ƙarewa, ta ƙaƙa za a san ko zai koma wa halinsa in an buɗe masa ƙofa? Alƙali ɗan Adam ne, bai san abin da gobe za ta haifa ba. In ya saki wanda bai saduda ba, wataƙila wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba ya rasa ransa. In kuma ya ci gaba da tsare wanda ya riga ya shiryu, ya ɗauki alhakin mutum ke nan, ya raba shi da iyalinsa a bisa zato. Gaba kura, baya sayaki. Saboda haka ne waɗansu masana suka ce, tun da yake hali daga cikin kai yake fitowa, me zai hana a leƙa cikin kan mai laifi da na'ura, a ga abin da ke ciki, sa'an nan a yanke shawara?

Labarin da masu wannan ra'ayi suka fi kafa hujja da shi ya faru ne ran 13 ga watan Satumba na 1848 a jihar Vermont ta Amurka. Wani saurayi ɗan shekara 25 mai suna Phineas Gage, shugaban leburorin da ke fasa duwatsu don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, yana cikin danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar nan mai tsawon ƙafa uku da rabi ta shiga ta kuncinsa na hagu, ta ratsa ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, ta fasa ƙoƙon kansa ta fice. Da yake yana da sauran kwana, bai mutu ba. Amma likitansa, John Harlow, ya ba da labarin cewa mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon amana ya koma mai zafin rai da ashar, wanda ba ya tsayawa a kan magana ɗaya. Daga nan likitoci suka soma gane cewa goshin ƙwaƙwalwa shi ne birkin ɗan Adam, shi ke tsai da shi in zuciya ta ɗebe shi. Sai dai akwai ƙarshen labarin da ba a cika faɗi ba, watau Gage ya farfaɗo har ya yi shekaru yana tuƙin keken doki na fasinja a ƙasar Chile kafin rasuwarsa a 1860. Ku riƙe wannan, za mu koma kansa.

A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya fito da littafi yana cewa akwai mutanen da aka haifa da laifi a jininsu, kuma wai ana gane su ta girman muƙamuƙi da fasalin kunne da tudun goshi, har ya haɗa da masu farfaɗiya. Maganarsa ta karɓu ƙwarai a zamaninsa. Sai a 1913 wani likitan gidan yari a Ingila, Charles Goring, ya auna fursunoni wajen 3,000, ya gwada su da sojoji da ɗaliban jami'a, ya tarar babu wata siffa da ta raba ɓarawo da mutumin kirki. Mu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan ga fushi da farin ciki ne, bai kai a ɗaure mutum da shi ba.

Maganar ta sake tasowa da ƙarfi a 1966. Ran 1 ga watan Agusta, wani tsohon soja ɗan shekara 25, Charles Whitman, bayan ya kashe mahaifiyarsa da matarsa cikin dare, ya hau hasumiyar Jami'ar Teksas da ke birnin Austin da bindigogi, ya yi ta harbin jama'a, ya kashe fiye da mutum goma, ya raunata fiye da talatin, kafin 'yan sanda su harbe shi. Ya bar takarda yana roƙon a binciki gawarsa, domin ya daɗe yana fama da ciwon kai da miyagun tunane-tunane da ya kasa gane kansu. Da aka buɗe kansa sai aka sami ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Kwamitin da Gwamnan Teksas ya kafa ya ce mai yiwuwa ne ƙarin ya taimaka wajen wannan ta'asa, amma ba su iya tabbatarwa ba.

To, a nan ne aka yi garin neman gira aka rasa ido. Tun 1935 wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ya ƙago fiɗar yanke jijiyoyin goshin ƙwaƙwalwa don kwantar da masu taɓin hankali, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1949. Dubban mutane aka yi wa wannan fiɗa a Amurka da Turai, da yawansu suka koma kamar gumaka, ba fushi, ba murna, ba dabara. Bayan tarzomar birnin Detroit ta 1967, wadda ta ci rayuka 43, sai ga waɗansu likitoci uku na birnin Boston, Vernon Mark da William Sweet da Frank Ervin, sun rubuta wasiƙa a mujallar likitoci suna cewa a bincika ko ciwon ƙwaƙwalwa na cikin abin da ya sa waɗansu masu tarzomar suka yi ɓarna. Baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda talauci da wariya suka tunzura, suka fahimci inda aka dosa, aka yi ta hayaniya. A 1973 wata kotu a jihar Michigan ta hana a yi wa wani tsararre fiɗar gwaji a ƙwaƙwalwa, ko da yake ya sa hannu a takardar yarda. Hujjar kotun ita ce, mutumin da ke kulle, wanda ke ganin fiɗar ce kaɗai hanyar fitarsa, yardarsa ba yarda ba ce.

Yanzu zamani ya kawo na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba. Mutum zai kwanta cikin wani bututu mai ƙarfin maganaɗisu, a ba shi wani ɗan aiki ya yi da tunaninsa, na'urar kuma ta riƙa auna inda jini ya fi kwarara, domin sashen da ke aiki shi ya fi jan jini. Akwai kuma wata na'urar da ke auna yadda kowane sashe yake ƙona sukari. Da irin ta biyun ce Shehun Malami Adrian Raine ya gwada mutum 41 da ake tuhuma da kisan kai a Kalifoniya, ya kwatanta su da mutum 41 da ba su yi laifi ba, ya buga sakamakon a 1997. Ya tarar, in an haɗa su jimla, goshin ƙwaƙwalwar masu kisan ya fi sanyin aiki. Watau birkinsu ba ya kamawa sosai.

Wani masanin kuma, Kent Kiehl, ya ɗora na'urar a kan babbar mota yana zagaya gidajen yarin jihar New Mexico. A 2013 shi da abokan aikinsa suka ba da labarin fursunoni maza 96 da aka gwada gab da sakinsu. Aikin da aka ba su mai sauƙi ne: in harafin X ya bayyana a allo su danna maɓalli da sauri, in harafin K ne su janye hannu. Da yake X ne ke yawan fitowa, hannu ya kan saba, sai mai iya kame kansa ne zai tsaya in K ya ɓullo. Aka bi sawun mutanen nan har shekara huɗu. Waɗanda wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwarsu mai lura da kuskure ya nuna rauni, an sake kama su kusan ninki biyu na sauran. Mu 'yan jarida, da yake ba mu ƙi labari mai armashi ba, sai aka cika shafuka da cewa an sami na'urar da ke gane mai laifi tun bai aikata ba. Alhali kuwa shi Kiehl da bakinsa ya ce abin bai kai a yi aiki da shi a kotu ba tukuna.

Ga dalilan da suka sa nake ganin gaskiyarsa. Na farko, duk binciken nan a kan taro yake magana, alƙali kuwa mutum ɗaya ne ke tsaye a gabansa. In an ce mazan gari sun fi matan gari tsawo, gaskiya ne, amma ba ya hana a sami macen da ta fi mijinta. Wani masanin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Kalifoniya, James Fallon, ya daɗe yana duba hotunan kawunan masu kisan kai. Wata rana yana duba hotunan iyalinsa don wani bincike dabam, sai ya ci karo da wani hoto mai kama da na miyagun nan sak. Da ya bincika mai shi, ashe nasa ne. Mutumin nan malamin jami'a ne mai mata da 'ya'ya, bai taɓa kashe kowa ba. Da a ce da hoto ake ɗauri, da shi ma ya kwana a ciki.

Na biyu, lissafi ne. Mu ƙaddara akwai fursunoni 1,000, cikinsu 100 ne za su sake ta'asa in an sake su. Mu ƙaddara kuma an sami na'urar da ke faɗin daidai sau takwas cikin goma, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Cikin miyagu 100 za ta kama 80, ta bar 20 su wuce. Cikin sauran 900 kuwa za ta yi kuskure ta shafa wa 180 baƙin fenti. Ke nan mutum 260 za ta ce a ci gaba da tsarewa, 180 daga cikinsu kuwa da an sake su da ba su taɓa kowa ba. Wa zai ɗauki alhakinsu?

Kada a ce wannan lissafin takarda ne kurum, domin an ga irinsa a zahiri. A 1966 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani mai suna Johnnie Baxstrom, wanda ya tilasta wa jihar Niyok ta kwashe mutum 967 daga asibitocin kurkuku, inda ake tsare da su a kan wai suna da haɗari, ta mai da su asibitocin gama-gari. Jama'a suka zaci za a yi ta zubar da jini. Da masu bincike suka bi sawunsu shekara huɗu, sai suka ga kamar kashi ɗaya cikin biyar ne kawai suka kai wa wani hannu, waɗanda aka mayar asibitin kurkuku kuwa ba su kai talatin ba. Haka kuma a Teksas an yi wani likita, James Grigson, wanda ya ba da shaida a shari'un kisa fiye da ɗari, yana rantsuwa cewa wanda ake tuhuma lalle zai sake kisa, wani lokaci ma bai taɓa zama da mutumin ba. Cikin waɗanda ya yi wa wannan shaida har da Randall Adams, wanda aka saki a 1989 bayan ta bayyana ba shi ya kashe ɗan sandan da aka ɗora masa ba. Ƙungiyar likitocin hankali ta Amurka ta shaida wa Kotun Ƙoli a shari'ar Barefoot ta 1983 cewa irin wannan duba, biyu cikin uku kuskure ne, amma kotun ta ce a ci gaba da karɓarsa. Ƙungiyar ta kori Grigson a 1995. Abin tsoro shi ne, da baki ma an gaskata shi, ina ga wanda ya zo da hoto mai launi ya kafa a gaban kotu? Mutane sun yarda gani ya kori ji, ba su san cewa launin nan kwamfuta ce ta shafa shi bayan dogon lissafi ba.

Na uku, hujjar ƙwaƙwalwa takobi ce mai kaifi biyu. Lauya zai ce a sassauta wa wanda yake karewa domin haka aka halicci kansa, ba ya iya kame kansa. Mai gabatar da ƙara kuma sai ya miƙe ya ce, madalla, tun da ba ya iya kame kansa, ai sakinsa ganganci ne. A 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Trieste na Italiya ta rage wa wani mai kisan kai shekara ɗaya, saboda an ce yana ɗauke da waɗansu ƙwayoyin gado da ake dangantawa da zafin rai. A cikin shekarar nan kuma a jihar Illinois ta Amurka, Kiehl ya ba da shaida a kan ƙwaƙwalwar wani mai kisa, Brian Dugan, don a tsirar da shi daga hukuncin kisa, amma masu taya alƙali yanke hukunci suka ce a kashe shi. Abin da ya tsirar da wuyansa shi ne jihar ta soke hukuncin kisa baki ɗaya a 2011. Hujja iri ɗaya, ƙasa biyu, sakamako biyu.

To, shin sai a yi watsi da ilmin ke nan? Ko kusa. Inda ya yi rana shi ne wajen magani. A shekarar 2000 wani malamin makaranta ɗan shekara 40 a jihar Virginia, wanda ba a taɓa saninsa da mugun hali ba, ya soma aikata abin kunya har kotu ta same shi da laifi. Ana gobe za a kai shi kurkuku ya je asibiti da matsanancin ciwon kai, aka ɗauki hoto, sai ga ƙari kamar ƙwan kaza a goshin ƙwaƙwalwarsa. Da aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka duba, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Aka sake cirewa, ya sake komawa daidai. Irin wannan ba shi da yawa, amma ya isa ya nuna cewa duk mai hankalin da halinsa ya juye dare ɗaya, a kai shi likita ya duba kafin a kai shi gaban alƙali.

Ilmin nan kuma ya tabbatar da cewa goshin ƙwaƙwalwa ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Wannan na cikin hujjojin da aka gabatar wa Kotun Ƙoli ta Amurka kafin ta haramta, a 2005, kashe wanda ya yi laifi yana ƙasa da shekara 18. A jihar Wisconsin akwai wata cibiya mai suna Mendota da aka buɗe a 1995 don yaran da suka gagari sauran gidajen horo. Masu kula da su sun lura cewa yaran nan bulala da kulle ba sa ratsa su, amma lada na jan hankalinsu, sai suka riƙa ba su maki kowace rana a kan ɗan kirkin da suka yi, makin kuma ya saya musu 'yan abubuwan more rayuwa. Da aka bi sawun yara 101 da suka bi ta wannan hanya, aka gwada su da 147 da aka yi wa horon da aka saba, sai aka ga na farkon sun ragu ƙwarai wajen komawa ga ta'asa. Na biyun sun kashe mutum 16 bayan sakinsu, na farkon ko ɗaya. A Ingila ma, a gidan yarin matasa na Aylesbury, an ba fursunoni 231 ƙwayoyi, waɗansu na gina jiki na gaske, waɗansu na banza, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna karya doka ta ragu da kashi 26 cikin ɗari a wurin masu shan na gasken. Mun ce hali zanen dutse, amma Gage da yaran Mendota sun nuna cewa ƙwaƙwalwa na karɓar gyara, musamman in an tanƙwara icen tun yana ɗanye.

Wani babban bincike da aka yi a ƙasar Suwidin, aka buga a 2011, ya ƙara haske. An duba takardun asibiti da na kotu na shekaru fiye da talatin, aka ga waɗanda suka taɓa samun mummunan rauni a ka sun fi sauran jama'a faɗawa laifin ta'asa, ko da an gwada su da 'yan'uwansu na ciki ɗaya. Masu farfaɗiya kuwa, da aka gwada su da 'yan'uwansu, ba a ga sun fi su ba. Ashe ƙazafi Lombroso ya yi musu, har yau kuma ana gudunsu a banza.

Mu a nan gida me ya shafe mu? Ba mu da motar Kiehl, kuma ba na jin ita ce buƙatarmu ta gaggawa. Dokokinmu sun riga sun san da zancen hankali: sashe na 51 na kundin Final Kod na Arewa da sashe na 28 na kundin laifuffuka na Kudu duk sun ɗauke laifi daga wanda hankalinsa ya gushe har bai san abin da yake yi ba, shari'ar Musulunci kuma tun asali ba ta yi wa mahaukaci da yaro ƙisasi. A 2019 an sauya sunan gidajen yarinmu zuwa gidajen gyaran hali, a watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958. Suna ya yi kyau, saura aiki. Gyaran hali ba zai yiwu ba muddin kamar kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen nan jiran shari'a suke yi, kuma ba likitan da ya tambayi wanda aka kawo ko ya taɓa faɗuwa da ka, ko yana shan wani abu, ko yana jin muryoyi. Tambayoyin nan ba sa buƙatar na'urar miliyoyin naira.

Sa'an nan rigakafi ya fi magani. Duk matashin da ya hau babur ba hular kwano, birkin kansa ya sa a caca. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, dubbai kuma suka rayu da ita a jini. Likitoci sun tabbatar dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta da iya kame kai. Wannan dalili ne na a tallafa wa yaran nan da magani da makaranta, kuma duk wanda ya mai da shi dalilin nuna su da yatsa ya maimaita kuskuren Lombroso.

Shawarata dai ita ce, a karɓi ilmin ƙwaƙwalwa hannu biyu-biyu in za a yi magani da shi, a saurare shi da lura in ya zo neman sassauci, amma kada a ƙara wa kowa ko kwana ɗaya a kurkuku saboda hoton kansa. Mutum a kan abin da ya aikata ake hukunta shi. Abin da zai aikata gobe kuwa, alƙali bai sani ba, likita bai sani ba, na'ura ma ƙiyasi take yi, sanin gaibu sai Allah. Masu ra'ayin da ya saɓa wa nawa, musamman likitoci da lauyoyi da ma'aikatan gidajen gyaran hali, ƙofar wannan fili a buɗe take, su rubuto mu ƙaru da juna.

Allah ya tsare mana hankulanmu, ya shiryi masu laifinmu, ya ba alƙalanmu ikon yin adalci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.